Kabarin da Ghissa Ya Matsar

Shekarar da uraniyom ya yi tsada, wani kamfani ya gano dutsen a wani fili tsakanin ƙananan hukumomi biyu, can bayan Arlit. Wadda filin ya faɗa hannunta ita za ta samu kason haraji da kwalta da gidan likita. Babu takardar iyaka. A ƙasar makiyaya kabari ne shaida: inda iyayenka ke kwance, nan ne naka.

Ghissa, magajin garin ɗaya daga cikinsu, ya san kaburburan danginsa ba su kai wurin ba. Ya san kuma in maƙwabta suka samu, ko gaisuwa ba zai ƙara samu a Agadez ba.

Da rana tsaka ya ajiye motarsa a gefen hanyar Gougaram, ya shiga wani kogon dutse. A ciki wani boka yana zaune kan fatar kura. A gabansa ga ƙoƙon kan raƙumi an cusa jan ƙyalle a ramukan idonsa, ga tukunya cike da jiƙaƙƙen yashi, a ƙasar da ta shekara ba ta ga ruwa ba. Bai ɗago kai ba ya ce wa Ghissa ya tono ƙasusuwan mahaifinsa, ya binne su a filin, ya jera tsofaffin duwatsu.

Ghissa ya yi tayin raƙuma goma. Ya kai ashirin.

"Riƙe raƙumanka, magaji. Ƙasa ce za ta karɓa, ba ni ba. Kabari ɗaya ba ya isar ta."

"Nawa take so?"

"Ba ta faɗa mini."

Ghissa ya gyara rawaninsa. Ya ce ya yarda.

Masu awo suka zo, suka ga duwatsu, dattawa suka rantse bisa abin da idonsu ya gani. Fili ya zama nasa. Kwalta ta iso, manyan motoci suka cika gari, Ghissa ya gina bene a Akokan.

Ɗansa Fatahu ne ya fara, tari na kwana uku. Motar da ta ɗauko gawarsa ta mutu daidai filin, ta ƙi tashi, dole aka binne shi nan. Sai ƙanin Fatahu, Hamadi. Sai 'yar Ghissa, wadda ya tura Zinder don ya tsirar da ita. Su ma a filin aka binne su. Matarsa Lalla ta daina magana, kullum tana tsakar gida tana tona rami da farce, tana auna tsawonsa da jikinta.

Ya koma kogon, ya tarar da yashi ya toshe bakinsa.

Da farashi ya faɗi, kamfanin ya kwashe injinansa. Kwalta ta farfashe. Ghissa yana can filin har yanzu, ba rawani, yana roƙon duk direban da ya tsaya ya taya shi gane wanne ne kabarin mahaifinsa.

Ku da kuke neman kujera da sunan raya ƙasa, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya iya tono ubansa don ya rinjayi maƙwabci, 'ya'yansa ma ya riga ya sa hannu a kansu.