Kwandon Ƙyallaye

Da yammacin wata rana, lokacin da haske ya rage a ɗakin ɗinki har zare ya daina shiga allura, mai ɗinki ta rufe kekenta ta miƙe tana dafa baya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita da autarta kaɗai ne a gidan, sai wata kyanwa fara mai baƙin kunne. Ko kuwa baƙa ce mai farin kunne? To, kyanwa dai ce, kuma ta haihu a kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin teburin yanka.

A safiyar ranar aka raba 'ya'yan, don sun fara yagar kayan mutane. Mai ɗinki ta jira uwar ta haura katanga, ta zuba su a kwali. Mai gidan burodi ya ɗauki biyu saboda ɓeraye, wata baƙuwa mai wucewa ta tafi da ɗaya. Ƙyallayen kuwa, tela ba ya zubar da ƙyalle. Ta karkaɗe su, ta cusa a sabon matashi, ta ɗinke bakinsa ta ba Auta.

Kyanwar ta dawo ta tarar da kwando wayam. Ta zagaya bayan keke, ta leƙa cikin takalma, tana wani kira can ƙasan maƙogwaro. Nonuwanta sun cika sun yi tauri. Aka ajiye mata abinci, ko kallo.

"Umma, kuka take yi," in ji Auta.

"Kukan dabba ne. Ɗauko min tsintsiya."

Ba ta rufe baki ba tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Sai wata. Aka leƙa waje, babu kowa.

Haka aka yi ta yi kullum da faɗuwar rana. Tsakuwa a sama, keke yana juya kansa a ƙasa, kyanwa a ƙofar ɗakin Auta tana kartar ƙyaure. Da aka yi makonni, kyanwar ta gaji ta yi shiru, sai Auta ta karɓi kukan. Ta daina cin abinci. Uwarta ta same ta a ƙarƙashin teburin yanka, ta rungume matashi, tana kira da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya zauna a ƙasa ya yi ta karatu a hankali har duhu ya fara shiga, sannan ya ce, "Wace ce ke?"

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. "Maƙwabciyarku ce. Ina nan tun kafin a kafa teburin nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba komai. Ƙamshin 'ya'yan kyanwar ne a matashinta. Inda ƙamshin yake, nan nake." Ta ja numfashi. "Ni ma na haifa. Ranar da aka share filin nan don gini na fita ɗebo ruwa, na dawo ban sami 'ya'yana ba. Da kyanwar nan ta haihu, sai na riƙa kwanciya a gefensu ina jin ɗumi." Idanun Auta suka juyo kan uwarta. "Ke mai almakashi, ko ɗaya ba ki bar mata ba?"

Mai ɗinki ta kasa ɗaga kai.

"A dawo da su duka," in ji muryar.

"Ɗaya ya yi nisa," in ji malam. "Ki sassauta, baiwar Allah."

"To, ɗaya. In na ga uwa ta lashi ɗanta, zan fita."

Washegari mai ɗinki ta je gidan burodi. Mai gidan ya yi dariya. "Ke da kika ce in haɗa har da uwar? Yau kuma kewa?" Da ya ga fuskarta, sai ya miƙo mata ɗaya. Ɗan kyanwar ya yi ƙiba, jikinsa duk warin hayaƙi da gari.

Da yamma aka ajiye shi a tsakar ɗaki. Ya ruga wajen uwarsa yana cusa kai a cikinta. Kyanwar ta shinshina shi sau ɗaya. Ta tayar da gashin baya, ta yi masa huci, ta kai masa duka, ta wuce wajen kwanonta ta hau cin abinci. Nonon ya daɗe da ƙafewa.

Mai ɗinki ta durƙusa. "Naki ne! Wallahi naki ne, ki dube shi!"

Kyanwar ba ta waiwayo ba.

Can sai aka ji kuka daga ƙarƙashin tebur, kukan tsohuwa, siriri.

"Ta manta."

"Jinƙai Allah ya yi mata," in ji malam.

"Ni fa, malam? Ni yaushe?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ba zan zauna in ga wannan ba," in ji muryar. "Ku ba ni ƙyallayen in tafi."

Mai ɗinki ta farke ɗinkin da ta yi da hannunta, ta kwashi ƙyallayen ta ajiye a bayan gida. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa." Da gari ya waye babu ƙyalle ko ɗaya.

Ɗan kyanwar ya girma a hannun Auta. Shi da uwarsa sukan haɗu a ƙofa, kowa ya kauce wa ɗan'uwansa kamar baƙi. Mai ɗinki kuwa, duk yamma kafin ta rufe keke, takan zaɓi ƙyalle mai laushi ta ajiye a ƙarƙashin tebur. Ba a taɓa ɗauka ba.