Sunaye Biyu a Shafi Ɗaya

Malam Abdulhamid mutumin Damagaram ne, ɗan gidan malamai. Ya yi shekara talatin yana aikin fassara a Paris, da ya ajiye aiki sai ya ci gaba da zama a Aubervilliers, shi da littattafansa. Ƴarsa Zakiyya tana aure a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Mijinta Youssouf a can aka haife shi, iyayensa ƴan Tahoua ne, sana'arsa kuma wasan hoki a kan ƙanƙara. Suna da ƴa guda, Kausar, mai shekara takwas.

Gidan bai rasa abinci ba, bai rasa dariya ba. Abu ɗaya suka rasa. Shekara tara da auren, Malam bai taɓa taka ƙofarsu ba.

Sau ɗaya ya je kallon wasan, kafin a ɗaura aure, don ya gani da idonsa. Ranar kuwa wani ɗan wasa ya maka Youssouf da katangar fili, Youssouf ya yar da safar hannunsa ya kai masa naushi. Malam ya tashi ya fita. Ya ce wa ƙanensa Illiassou ya ɗaura auren tunda yarinyar ta nace, amma shi ba zai shiga gidan ɗan dambe ba.

A shekarar 2014 Zakiyya ta gama rubuta tez ɗinta na digirin dakta a jami'a, can Bron, kusa da Lyon. A kan tarihin mutanen farko da aka biya don su buga hoki ta yi shi. Ta aika wa mahaifinta kwafi guda. A shafin farko ta rubuta: "Ga mahaifina da ya koya mini karatu, da mijina da ya ba ni abin rubutawa."

Kwana biyu bayan haka wayarta ta yi ƙara da hantsi.

"Baba, ina kwana? An tashi lafi..."

"Lafiya. Na ga littafin. Ki cire suna ɗaya daga shafin nan. Ko nawa ko na mutumin nan. In kin bar su tare, kada ki jira ni ranar da za ki kare shi."

Ya kashe.

Youssouf yana zaune a ƙasa yana naɗa wa sandarsa salatif. Ya ji komai.

"Cire nawa, sheri." Haka yake kiranta da Faransanci, wato masoyiya.

"Ban ji ba."

"Na ce ki cire nawa. Ni me zan yi da suna a takarda? Kullum ina gidan nan, kina ganina har kin gaji."

"Ba zan cire ba!"

"Zakiyya, mahaifinki ne fa..."

"Kai kuma maƙwabcina ne? Wa ya riƙa goya Kausar yana zagaye da ita lokacin da nake rubutu? Wa ya bi ni har ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu yana hamma?"

Ya yi murmushi, gurbin haƙoransa biyu na gaba ya fito fili.

"Hammar dai na yi ta tsakani da Allah."

"Kada ka ba ni dariya, fushi nake yi!" Muryarta ta karye. "Hasken idona, shekara tara ina raba kaina biyu. Sallah ƙarama Paris, Sallah babba nan. Na gaji. A shafi ɗaya kawai na haɗa ku, shi ma sai an hana ni?"

Ya ajiye sandar ya riƙo hannunta.

"In bai zo ba, za ki yi kuka har ki tsufa. Na san ki."

"To in yi. Amma sai na faɗa masa ido da ido."

Ranar Asabar ta ɗauki Kausar suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, daga nan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai su Aubervilliers. Malam ne ya buɗe ƙofa. Da ya ga jikarsa fuskarsa ta saki.

"A'a! Amaryata ce? Ina tuwon da kika yi mini alkawari?"

"Ni ba na auren tsoho, Kaka. Gemunka ya yi fari fat!"

Ya yi dariya, ya ba ta dabino, ya kunna mata talabijin a ɗakin ciki. Sannan ya dawo ya zauna. Zakiyya ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Littafin yana kan tebur, a buɗe a shafin farko.

"Kin zo da sabon shafi?"

"A'a, Baba."

"To me ya kawo ki?"

"Na zo in tambaye ka ko ka wuce shafin nan."

"Me zan karanta? Labarin ƙattai masu dukan juna da sanda? A garinmu dambe yana da gidajensa, kin sani. Gidanmu ba ya ciki."

"Baba, ka ba ni minti biyar." Ta gyara zama. "A farko, ƴaƴan masu hali ne ke tafiyar da wasan nan a Kanada. Suka ce mutumin kirki ba ya karɓar lada a kan wasa. Duk wanda aka kama ya karɓa, sai a kore shi daga ƙungiya. Su suna da gado, ba ruwansu. Amma leburan da zai bar aikinsa ya je ya buga, me iyalinsa za su ci? A 1904 wasu garuruwa a Amurka, har da na masu haƙar jan ƙarfe, suka kafa gasarsu, suka ce mu za mu biya a fili, kowa ya gani. Mutum bakwai-bakwai, ba hular ƙarfe, awa guda kusan ba canji. Waɗanda suka je, aka rufe musu ƙofa a gida."

"Sai me? Ina ruwana da Turawan da suka mutu?"

Zakiyya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Inna, Allah ya jiƙanta, ta ba ni wani labari. Ta ce ranar da ka fara karɓar albashin koyarwa a lakwal, makarantar boko, ka sayi buhun gero ka kai gida. Kakanmu ya sa aka mayar da shi zaure. Ya ce ba zai ci abin wanda ya sayar da ilimi ba. Ta ce shekara huɗu bai ci abincinka ba."

Malam ya miƙe tsaye.

"Zakiyya!"

"Ta ce ka yi kuka a bayan rumbu, Baba..."

"Ki yi mini shiru! Ilimi kike haɗawa da wasan banza?"

"Ba su nake haɗawa ba. Kai nake haɗawa da shi. Da guminsa yake ciyar da ni. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Naushi ɗaya ka gani, ka yanke masa hukuncin shekara tara. Kai huɗu aka yi maka, har yau ba ka iya maganarta!"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ba zan cire sunanka ba, don kai ka haife ni. Ba zan cire nasa ba ko da za ka ƙi ni. Ranar Alhamis ne, ƙarfe goma. Ka yafe mini in na yi rashin kunya."

Ta kira Kausar suka tafi.

Ranar Alhamis ɗakin ya cika da ɗalibai ƴan Nijar da abokan wasan Youssouf, ƙattai cikin kwat da ta matse su. Zakiyya ta yi bayani, ta amsa tambayoyin malamai har awa uku. Sau da yawa idonta ya je ƙofa. Aka ba ta digiri, aka tafa, Youssouf ya fi kowa tafi. Malam bai zo ba.

A taram, jirgin cikin gari, ta jingina da kafaɗar mijinta.

"Ka ce zan yi kuka."

"Yi abinki, Dakta. Rigar za ta wanku."

Sun isa gida wajen ƙarfe huɗu. A kan benci, gaban benensu, wani tsoho yana zaune cikin babbar riga da kwat a sama, littafi a cinyarsa. Kausar ce ta fara ganinsa.

"Kaka!"

Malam ya miƙe a hankali. Bai kalli Youssouf ba. Ya miƙa wa ƴarsa littafin, duk gefen shafukan ja ne da biro.

"Na hau jirgin safe. Na kai har ƙofar jami'ar, na kasa shiga." Ya yi gyaran murya. "Akwai kurakurai goma sha ɗaya a babi na uku. Malamanki ba su iya Faransanci ba ne?"

Ta buɗe shafin farko. Babu ja ko ɗigo.

Youssouf ya durƙusa har ƙasa, a kan siminti mai sanyi.

"Sannu da zuwa, Baba. Bismillah, mu shiga."

Malam ya dubi ƙofar ya daɗe. Sannan ya shiga.

Magariba ta yi. Youssouf ya shimfiɗa darduma a gaba, ya koma baya ya tsaya yana jira. Malam ya gama alwala, ya dubi dardumar, ya dube shi.

"Me kake jira?"

"Kai, Baba."

"Ba a yi wa mutum limanci a gidansa. Nan gidanka ne. Wuce."

"Baba, ni karatuna..."

"Wuce, Youssouf. In ka yi kuskure ina nan, zan gyara."

Karo na farko ke nan da ya kira sunan. Zakiyya ta toshe bakinta da mayafi, ta ja Kausar suka tsaya a sahun baya. Muryar Youssouf ta yi rawa a kabbarar farko, daga nan ta daidaita.

Kausar ba ta san abin da ke cikin littafin ba, ba ta kuma san dalilin kukan mahaifiyarta ba. Abin da ta gane shi ne, in babanta ya sunkuya kakanta ma yana sunkuyawa, kuma daga yau ba sai an hau jirgi ba kafin a gan su su biyun.