Farin Wake a Cikin Ƙwarya

A mashigar kogin Haɗeja ya fara ganinta, zamanin Turawa, a daminar da ruwa ya shanye hanya. Haladu, ɗan masuntan Baturiya, yana tsugune yana jiran kwalekwale, yana zana lambobi a kan yashi: biyu, shida, goma sha takwas. Jarrabawar shiga makarantar horon malamai ta ƙarato, lissafi kuwa ya ƙi shi.

"Hamsin da huɗu," in ji wata murya a bayansa. "Kowace lamba ninki uku ce ta wadda ta gabace ta."

Ya waiga. Zaituna ce, mai koyar da 'yan mata a elemantare. Ta sunkuyar da kai kamar ba ita ta yi magana ba.

Tun daga nan yakan kai mata abin da ya gagare shi a zauren gidansu. Ta koya masa rabawa har ya daina tsoron saura. Yana ce mata Malamata, ita kuma Ɗan Kogi. Wani lokaci lissafin yakan ƙare, su rasa dalilin tashi.

Mahaifinta Malam Hamman jikan makiyaya ne. Ya ce 'yarsa ba ta shiga gidan masunta, balle ga Inuwa, mai fataucin shanu a Kafin Hausa, ya aiko da magana.

Ranar da ya ji, Haladu ya zo da ƙwarya da wake, baƙi tara, fari ɗaya, irin misalin da ta taɓa yi masa. Ya ce in an rufe ido an ɗauka, sa'arsa ke nan a kan Inuwa, ɗaya cikin goma. So yake ta lallashe shi. Ita kuwa ta ɗauka sallama ce. Ta shige gida, ba ta ƙara fitowa ba.

Ya ci jarrabawar, amma bai ji daɗinta ba. Daga baya 'yar takarda ta iso masa:

"Ɗan Kogi, lissafinka daidai ne, amma na mai rufe ido ne. Ni idona biyu na zaɓa. Kai ne ka karaya."

Ya karanta, kunya ta kama shi. Washegari ya tura kawunsa neman aure. Aka ƙi. Ya sake turawa.

Da ambaliya ta dawo, ta ritsa garken Malam Hamman a wani tudu cikin fadama. Manyan shanu za su iya iyo, maruƙa ba za su iya ba. Haladu ya ɗauki jirgin babansa ya wuni yana fito da su, ya tafi bai tsaya godiya ba.

Tsohon ya kira 'yarsa ya tambaye ta abin da bai taɓa tambaya ba: wa take so? Ta ce Haladu.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha, Malam Hamman ya riƙe hannun angon.

"A gidanmu ba a haɗa kifi da nono a ƙwarya ɗaya," ya ce. "Yau na haɗa da hannuna. Ka riƙe mini ita amana, ɗana. Allah ya yi muku albarka."