Baƙon da Ke Cikin Monita ta Biyu

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, a lokacin ne Armaya'u ya ga damar jona wa kwamfutarsa monita ta biyu.

Tun da suka gudo daga Ruma zuwa Batsari, da kwamfutar nan gidan ke ci. Hotunan biki yake gyara wa mutane. Tsohuwar monitar kuwa tana ƙuryar ɗaki, mahaifiyarsa Hansai ta lulluɓe ta da zane, don a wurinta duk abin da ke nuna fuska madubi ne, kuma ba a buɗe madubi da almuru. Gogan ya yaye zanen, ko bisimilla babu. Ya girka ta a hagu, ya soka waya, ya ja 'yar kibiya daga wannan allo zuwa wancan. Kibiya ta shiga, ba ta dawo ba.

Sai dutse a kan kwanon ɗaki. Sai wani. Ƙanwarsa Ramlat, da ke tankaɗe a tsakar gida, ta saki rariya ta zauna daɓas, tana kuka da muryar tsoho.

Kwana da kwanaki ba ta ci, ba ta gane kowa. Aka ɗauko Malam Salmanu. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ce, "Kai wane ne? Me yarinya ta yi maka?"

"Maƙwabcinsu ne, Malam. A tsamiyar bayan gidansu nake. An ƙone ta ranar da aka ƙone unguwar. Na biyo kayansu, na sami ɗan duhu na raɓe. Shi ne wannan mai kan ƙwaryar ya haske ni, har yana tsokana ta da kibiya."

"To, ka fita."

"In je ina? Kai ma ba gudowa ka yi ba?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"A nuna mini tsamiyata," in ji muryar, "sai in tafi."

Armaya'u na da wani tsohon hoto da ya daɗe bai iya buɗewa ba. Ya sa shi a monitar hagu: ga tsamiya, ga rumbu, ga mahaifinsu Gagare a kan tabarma yana dariya, shi da bai sami gudowa ba.

Ramlat ta daɗe tana kallo.

"Sannu da hutawa, Gagare," muryar ta faɗa a hankali.

Yarinya ta yi atishawa, ta sulale, ta farka tana cewa, "Inna, ruwa." Kibiya ma ta dawo abinta.

Armaya'u ya kai hannu zai kashe monitar. Hansai ta riƙe shi.

"Bar ta, ɗan nan."

Ta jawo kujera ta zauna. Zanen lulluɓin yana cinyarta, da shi take share ido.