Rediyon Yuro Sittin

Magariba ta kawo jiki a unguwar La Goutte d'Or, masu shaguna suna ta jan ƙofofin ƙarfe, lokacin da Bukari ya hau bene na biyar rungume da wani kwali. Mutumin Maradi ne, shekararsa goma sha tara a Paris, kuma sana'arsa sai an yi dogon bayani kafin a gane ta. Tsofaffin rediyon sibi yake nema, irin waɗanda direbobin manyan motoci suke magana da juna da su kafin zuwan salula, amma na gida, masu zaman tebur, masu makirfo da doguwar eriya. Ya saya, ya gyara, ya sayar wa Turawa masu tara kayan da.

A 'yan shekarun nan kayan sun yi wuya. Abin da a da ake zubarwa a bakin titi, yanzu sai mutum ya yi wata uku yana leƙen intanet bai ga mai lafiya ba, in ya gani kuma yuro ɗari bakwai ne ko ɗari takwas, babu ragi. Shi ya sa da ya ga wata tsohuwa a Lyon mai suna Madeleine ta sa na marigayi mijinta a kasuwa yuro sittin, bai tsaya tambayar dalili ba. Ya hau jirgin ƙasa da sassafe, ya dawo da yamma yana murmushin wanda ya yi wa duniya wayo. Bukari mutumin kirki ne, amma in ya ga araha hankalinsa yakan tafi hutu.

Ya ɗora rediyon a tebur, ya ɗaure eriya a jikin taga. Matarsa Balkisa ta ajiye masa tuwo da miyar kuka a gabansa.

"Maigida, magariba ce hwa. Ka bari a yi salla."

"Minti biyu, in ji ko yana magana."

Ya kunna. Fitilar ciki ta yi ja, shuuu ɗin iska ya cika ɗakin. To, shi Bukari tun tashinsa bai taɓa sa hannu a kwano da wani a kusa bai yi masa tayi ba. Sai ya danna makirfo, cikin raha, ya ce, "Salamu alaikum. Duk mai ji na, ga tuwo, bismillah, a iso."

Shuuu ɗin ya ɗauke. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo daga madafa. Can sai wani ya ja numfashi a cikin rediyon, dogo, irin na wanda ya gaji da tsayuwa. Bukari ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kashe.

'Yarsu ɗaya ce, Ruwaida, shekararta goma sha shida. A Paris aka haife ta, Hausarta guntu-guntu ce, kuma ba ta da ci, kullum sai an yi faɗa da ita a kan abinci. A daren nan ta cinye malmala huɗu ba ta ɗaga kai ba, ta tashi ba ta ce wa kowa komai ba.

Washegari da rana ta faɗi, tsakuwa ta fara sauka a gilashin taga, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Bene na biyar ne, kuma babu komai a gaban tagar sai bangon wani gida. Bukari ya leƙa bai ga kowa ba. Da ya juyo, fitilar rediyon tana ci, alhali wayar wutarsa tana ƙasa a nannaɗe, kuma muryar wani tsoho tana kiran lambobi da Faransanci, tana tsayawa kamar mai jiran amsa.

A rana ta uku Ruwaida ta daina magana gaba ɗaya. Tun la'asar take jawo kujera gaban rediyon ta zauna, tafin hannunta a kansa. Likita ya duba ta bai ga komai ba. A ranar ne wani Bature ya bugo waya ya taya rediyon yuro ɗari tara, Bukari ya ga ai mafita ta zo har da riba. Ya sungumi rediyon ya nufi ƙofa. Bai kai ga taka matakala ba ya ji faɗuwar yarinyar. Ta sandare, leɓunanta suka yi baƙi, numfashinta bai dawo ba sai da ya mayar da abin kan tebur. Tsoro na gaske ya kama shi a lokacin.

Balkisa ce ta nemo Malam Yakubu, wani dattijo mutumin Garwa da ke ɗaukar kwalaye a rumbunan kaya na Aubervilliers, a gefen Paris, wanda ilminsa ya fi rigarsa girma. Ya iso gab da magariba, ya gajarta gaisuwa, ya sa aka zaunar da yarinyar a darduma, ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi. Duhu ya shigo ɗakin babu wanda ya tashi kunna fitila. Sai Ruwaida ta ɗaga kai, ta yi magana da murya mai kauri, da Hausar da ko kakarta sai ta saurara da kyau.

"Malam, daina ƙona ni. Ba ɓarawo ba ne ni."

"Wane ne kai, mi ya kawo ka jikin ɗiyar mutane?"

"Kira na aka yi. Shekara arba'in ina zaune a bakin akwatin nan. Tsohon mai akwatin yakan yi kira kowace magariba. A da mutane suna amsa masa, suka ragu, suka ƙare, ya zama ni kaɗai ke saurare. Bai taɓa cewa in shigo ba. Wannan ya yi mini sallama, ya yi mini tayin tuwo."

Bukari ya sunkuyar da kai. Balkisa ba ta dube shi ba, kuma hakan ya fi masa zafi.

"An yi maka tayi, ka ci," in ji Malam. "Baƙunci kwana uku ne, yau sun cika."

"Ina tsohon? Na daɗe ina maimaita kiransa ko zai ji."

"Ya rasu."

Hawaye suka zubo daga idanun yarinyar, fuskarta kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Daga nan aka shiga ciniki. Baƙon ya ce a bar masa yarinyar rabin kowace rana, Malam ya ci gaba da karatu har baƙon ya yi ƙara. Ya ce a yanka masa baƙin rago, Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. A ƙarshe ya ce, "To a mayar da ni inda aka ɗauko ni. Matar gidan ta karɓi akwatin da hannunta, da yardarta, kafin magaribar gobe. Zan fita yanzu, amma muryar yarinyar tana wurina sai an cika."

Malam ya sa shi ya rantse. Ruwaida ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Fitilar rediyon ta kawo, ta mutu.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Bukari ya isa unguwar La Guillotière a Lyon, ya hau benen tsohuwar. Madeleine ta buɗe ƙofa iya tsawon sarƙa, ta ga kwalin, ta ce, "Non," wato a'a.

A jirgi ya shirya ƙarya, cewa rediyon ba ya aiki. Da ya ga idanunta sai ƙaryar ta gagare shi, ya faɗa mata komai da Faransancinsa na kasuwa, yana jiran ta kira shi mahaukaci.

"Na sani," ta ce. "Shekara biyu tun mutuwar mijina François rediyon nan yana kunna kansa, yana kira da muryarsa. Ni kaɗai a gidan nan. Kana tsammanin ban san kuɗinsa ba ne na sa sittin?"

Ransa ya ɓaci, kunya kuma ta rufe shi, don ya san shi ma jiya ya so ya tura wa wani. Hasken rana ya fara barin tagar matakalar. Ya kira Balkisa ta bidiyo, ya miƙa wayar ta tsakanin ƙofa. Ga Ruwaida a kwance, idanunta biyu, bakinta yana motsi, babu abin da ke fita.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Shekararta nawa?"

"Sha shida, Madame."

Ta zare sarƙar. Ya so ya shigar mata da kwalin, ta girgiza kai, ta miƙo hannuwanta ta karɓa da kanta, nauyin ya tanƙwara ta. Ta tura ƙofar da ƙafa.

Wayar tana hannunsa har yanzu. Wata siririyar murya, a shaƙe, ta fito daga ciki: "Papa, t'es où? Kana ina? Ina jin ƙishirwa."

Bukari ya zauna a kan matakala ya yi kuka, na farin ciki, har da sheshsheƙa. Yana cikin kukan ne ya ji shuuu ya tashi a bayan ƙofar, muryar tsohon ta fara kiran lambobin nan. Ya kasa sauka, ya kasa ƙwanƙwasawa. Can ya ji tsohuwar tana jan kujera a hankali zuwa wajen tebur.