Kujeru Dubu Huɗu na Benen Sama

Shekara biyu da gama gasar cin kofin duniya, rediyo bai daina cewa arzikin Brazil na tafe ba. A garinmu dai, filin wasan da aka gina ya koma wurin kwanan motocin haya.

Ranar Litinin manajan filin, Rubens Tavares, ya kai ƙara: an sace kujeru dubu huɗu daga benen sama. An tsare maigadi, Genivaldo, tsohon da ya rage masa wata uku ya fara cin fansho. In laifin ya hau kansa, babu fansho, sai gidan yari.

Sufeto Queiroz ya same shi a bayan kanta.

"Baba, ina ka kai kujerun?"

"Ɗana, da keken nan nawa? Ai da har yanzu ina jigila. Ni ban ma taɓa hawa can ba, gwiwa ta hana."

Sufeto ya je filin. Manaja ya tarbe shi da kofi mai zaƙi.

"Yaushe ka gan su na ƙarshe?"

"Watan jiya, da idona. Sufeto, a hanzarta. Jibi masu zuba jari za su zo duba wurin, gwamnati sayarwa za ta yi."

Sufeto ya hau benen, ya durƙusa yana shafa siminti. Sumul. Ya sauko ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin wata kujera: ƙusa huɗu, rami huɗu.

A bakin ƙofa Dona Zuleide na tuyar ƙosai. Hoton ranar wasan farko na manne jikin rumfarta.

"Inna, me ya rufe benen sama a hoton nan?" in ji Sufeto.

"Tuta mana. Ta fi gonar ubana girma. Cewa suka yi kishin ƙasa ne, muka yi ta tafi."

Ya ari hoton, ya ajiye a teburin manaja.

"Ranka ya daɗe, wane irin ɓarawo ne zai kwance kujera, ya dawo ya cike ramukan ƙusa dubu goma sha shida?"

Tavares ya kalli tutar da ke cikin hoton.

"Ba a taɓa kawo su ba," ya ce a hankali. "Na sa hannu cewa sun iso, muka raba kuɗin da ɗan kwangila. Jibi za a ƙirga."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi ta tsakanin motocin.

Da aka saki Genivaldo, bai nufi gida ba, sai ya bi Sufeto zuwa filin.

"Ɗana, riƙe min hannu mu hau. Ina son ganin abin da na yi shekara biyu ina gadi."