Man Kulochin Jar Mota

A garejin nan ba mai kiransa da sunan yanka, Mai Hanci kowa ke ce masa. Sauran bakanikai sai sun kwance rabin mota kafin su gano ciwonta, shi kuwa sunkuyawa kawai yake ya shinshina. Ƙaurin kulochi daban, na birki daban, na waya daban. In hancin ya yi kokwanto, sai ya tsoma yatsa a mai ya taɓa a harshe. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

"Ƙazanta dai, maigida! Wata rana sai ka lashi abin da ya fi ƙarfinka."

Dariya yake yi, ya ce da wannan hancin ake ɗora tukunya a gidan, da shi kuma za a yi hidimar cikin da take ɗauke da shi.

Ran nan gab da magariba, abokan aiki duk sun watse, yana rufe akwatin sifanu, sai ga wata jar mota ta shigo. Irin masu gudun tsiyar nan ce, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ta tsaya daidai kan ramin gyara ba tare da an nuna mata ba. Mai ita ya fito, dogo, rigarsa har ƙasa. Ko sallama babu.

"Giya ta uku ba ta shiga," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In na taka totur inji ya yi ta ihu, mota ba ta ja. Gareji huɗu na je. An ce sai kai."

Wannan "sai kai" ɗin ce ta kama shi. Mai Hanci akwai son yabo, wannan kam ko shi ba ya musu.

Ya shiga ya zauna, ya taka kulochi. Ya ji shi luɓus, da ɗumi, kamar ya taka cikin akuya. Da ya ɗaga ƙafa sai abin ya biyo shi a hankali. Ya sa giya ta ɗaya, lafiya. Ta biyu, lafiya. Ya tura ta uku. Ya san kukan ƙarfe in haƙoran giya sun gogu, amma wannan ba shi ba ne. Ƙurus-ƙurus ya ji, irin na kare da ƙashi.

Ga kuma warin. Kulochin da ke santsi ƙauri yake yi. Wannan ƙarni ne, ƙarnin kwatar mahauta, an yayyafa masa turare a kai. Tir!

Ya buɗe bonet, ya kwance murfin kwalbar man kulochi. Man da ya kamata ya zama garai-garai ya yi baƙi, ya yi kauri, wani farin kitse na yawo a samansa. Ya shinshina, hancin ya rasa abin faɗa. Hannunsa kuwa ya riga ya saba. Kafin ya yi tunani, yatsa ya shiga, ya fito, ya taɓa harshe.

Gishiri. Maiƙo. Ɗumi. Da wani siririn abu da ya maƙale masa a haƙori. Ya jawo shi, ya yi ta jawowa. Gashi ne.

Ya tofar.

"Ka ɗanɗana ke nan," in ji mai motar, cikin raɗa.

Mai hankali da nan ya ari ta kare. Shi kuwa sai ya ɗauki tocila da sifana ya gangara rami, wai sai ya ga ƙarshen abin. Ya kwance noti huɗu, ya cire ƙaramin murfin da ke ƙarƙashin gidan kulochi. Wani ruwa mai yauƙi ya ɗigo masa a wuya. Ya haska.

Wa'iyazubillahi. Farantin kulochin duk gashi ne ya nannaɗe shi, wani ma da kitsonsa. Ga farata. Ga haƙoran mutane sun jeru a gefe. Tsutsotsi na motsi a tsakani.

Inji a kashe yake. Amma farantin na juyawa.

Ya waiga bakin rami. Daga ƙasa yana ganin abin da doguwar rigar ta ɓoye. Ƙafa uku, babu takalmi, a jere, kamar ta kulochi da ta birki da ta totur. Ta hagun tana ɗagawa tana takawa a kan siminti. Duk takawa, sai farantin ya tauna.

"Ba gyara take so ba," muryar ta ce. "Yunwa take ji. Ka ci nata. Saura ita."

Motar ta fara saukowa.

Wani abu jiƙaƙƙe ya zuro daga ramin murfin, ya lalubi fuskarsa, ya shige hancinsa duka biyu. Ya tsotsa.

Numfashi ya ɗauke. Baki kaɗai ya rage masa, da shi ya ƙwala a'uziyya. Abin ya ɗan saki. Ya faɗi, ya ja ciki zuwa matakalar bayan ramin, salansa ta kware masa fatar gadon baya, ya fito ya zura a guje ba takalmi.

Da safe babu mota, babu sawun taya. Murfi ne kawai a rami da noti huɗu.

Ya wanke hancin da sabulu, ya shaƙi fetur, ya sha addu'o'i. A banza. Kowace mota ya shinshina, ƙarnin nan yake ji. Abincin gida ma haka. Da ya sallami wata mota ya ce lafiyarta lau, kulochinta ya ƙone a hanya, sai masu kawo masa aiki suka fara wucewa rumfar gaba.

Bayan wata biyu matarsa ta haihu. Aka miƙo masa jaririya a cikin farin zane, an yi mata wanka. Ya kai hancinsa kan ɗan gashinta kamar yadda kowane uba ke yi. Ƙarnin nan dai ya ji.

"Maigida, ka ji ƙamshinta?" matar ta tambaya, tana murmushi.

"Na ji," ya ce. Ya miƙa mata yarinyar a hankali, ya zaga bayan gida, ya yi amai, sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka.